Takin gona a famfon gari: wa ya kamata ya biya?

A watan Yunin 2025 hukumar ruwa ta tsakiyar jihar Iowa a Amurka ta fitar da sanarwar da ba ta taɓa fitar da irinta ba. Daga ranar 12 ga wata an hana kowa ban-ruwan ciyawar ƙofar gidansa, wanda ya ƙi ji kuma ana iya yanke masa ruwa. Dokar ta shafi mutum kusan 600,000 a Des Moines, babban birnin jihar, da garuruwan da ke kewaye da shi, har da unguwar da nake zaune.

Ba fari ake yi ba fa. Koguna biyun da birnin ke sha daga cikinsu, Raccoon da Des Moines, cike suke da ruwa. Sinadarin naitiret, wanda ke fitowa daga taki, shi ne ya yi yawa, har a kogin Raccoon ya kai wajen ninki biyu na abin da doka ta yarda a sha, injinan cire shi kuma ba za su iya wadata masu sha da masu shayar da ciyawa a lokaci guda ba.

Abin da ya ɓata mini rai shi ne yadda aka yi ta maganar. Wani maƙwabcina, dattijo mai kirki, ya tsaya a bakin shingensa yana kallon ciyawarsa ya ce da ni, "To in ta bushe wa zai biya ni?" A kantin unguwa ma zancen ke nan: wane ne ya kunna famfon ciyawarsa da dare, wace ce ta kai ƙarar maƙwabciyarta. Mutane suna ta hararar juna a kan ciyawa, kaɗan ne ke tambayar wanda ya zuba abin a cikin kogin.

Ra'ayina a fili yake. Wanda ya ɓata ruwa shi ya kamata doka ta hau kansa, shi ya kamata ya ɗauki nauyin gyara. Tsarin da ake kai yanzu, inda mai gona a sama zai zuba taki yadda ya ga dama, mai famfo a ƙasa kuma ya biya kuɗin tacewa, zalunci ne, ko da kuwa babu manomin da ya yi niyyar cutar da kowa. Roƙo da lallashi ba su gyara shi ba, kuma ba za su gyara shi ba.

Daga ina yake fitowa?

Iowa ce kan gaba a Amurka wajen noman masara da kiwon aladu. Mutanen jihar sun ɗan haura miliyan 3, aladunta kuwa sun haura miliyan 20. Masara na cin taki sosai, kashin aladun nan ma a gonaki ake zuba shi. Naitirojin shi ne sinadarin da shuka ke nema a taki, duk wanda ba ta sha ba kuwa yakan rikiɗe ya zama naitiret, shi kuwa ba ya maƙalewa a ƙasa, duk inda ruwa ya bi sai ya bi shi.

Sai kuma maganar bututu. Arewa ta tsakiyar jihar a da fadama ce da tafkuna. Tun ƙarshen ƙarni na 19 manoma suka fara binne bututu a ƙarƙashin gonaki don su tsane ruwan, yau kuma na roba ne masu huji-huji, an shimfiɗa su layi-layi. In ka bi hanyoyin karkara a watan Mayu za ka ga bakin bututun ya leƙo daga jikin gaɓa yana kwarara cikin lambatu. Ruwan garai-garai yake, sanyi ƙalau, in ƙishirwa ta kama ka sai ka yi sha'awar ɗiba da hannu. A cikin wannan ruwan ne naitiret ya fi yawa. Gonar ta zama rariya, kowa ya sayi rariya kuwa ya san za ta zubar da ruwa.

A watan Yulin 2025 wani rahoto da gundumar Polk, inda Des Moines yake, ta sa masana suka yi, ya nuna cewa kusan kashi 80 cikin 100 na naitiret ɗin kogunan biyu daga noma yake zuwa. Wannan magana ba ta bar wurin gardama ba. Gardamar da ta rage ita ce ta abin da za a yi.

"Ai ruwan famfon bai wuce iyaka ba"

Wannan ce hujjar da na fi ji, kuma gaskiya ce. Iyakar da gwamnatin Amurka ta sa miligiram 10 ce a kowace lita in an auna ta naitirojin, daidai da kusan miligiram 45 na naitiret, kusa da miligiram 50 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa. Ma'aikatan ruwan Des Moines sun riƙe ruwan famfo a ƙasa da wannan iyaka, kuma sun cancanci yabo, don sun yi aiki ba dare ba rana.

Amma a duba inda iyakar ta samo asali. A 1945 wani likita a birnin Iowa City, Hunter Comly, ya bayyana jariran da jikinsu ya koma shuɗi-shuɗi bayan an haɗa musu madara da ruwan rijiyar gona. Naitiret ɗin yana rikiɗewa a cikin jikin jariri ya hana jininsa ɗaukar iskar da yake shaƙa, sai leɓɓansa da faratansa su sauya launi, numfashi ya yi wuya. 'Yan ƙasa da wata shida ne suka fi shiga haɗarin. Don kare su aka tsayar da lamba 10 a 1962, ita ce kuma ake amfani da ita har yau.

Ke nan lambar ta amsa tambaya ɗaya ce: nawa ne zai iya cutar da jariri nan take? Ba ta amsa tambayar mutumin da zai sha ruwa mai miligiram 7 ko 8 na tsawon shekara talatin ba.

Binciken da aka yi daga baya ya taɓa wannan. A 2018 masana a ƙasar Denmark sun bi diddigin mutum miliyan 2.7, suka ga haɗarin kansar hanji ya fara ƙaruwa tun daga wajen miligiram 4 na naitiret a lita, wato ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na iyakar da aka halatta. A Iowa kanta, wani dogon bincike a kan dubban mata ya ga alaƙa tsakanin naitiret a ruwan sha da kansar mafitsara da ta tayirod (halittar gaban wuya da maƙoƙo ke kamawa) da ta jakar ƙwan mace. Alaƙa ce aka gani, ba a tabbatar cewa shi kaɗai ne sanadi ba, kuma ba zan ƙara wa maganar gishiri ba. Sai dai Iowa ce ta biyu a duk Amurka wajen yawan sababbin masu kamuwa da kansa. Jihar da ke cikin wannan hali bai kamata ta ce tunda ba a ƙetare 10 ba, to kowa ya kwanta ya yi barci.

Sannan iyakar ruwan famfon hukuma kawai ta shafa. Rijiyar gida babu mai zuwa auna ta sai in mai gidan ne ya nema.

"A tafasa mana"

A nan ne abin ya fi taɓa mu, mu da muka taso da koyarwar cewa wuta na tsarkake ruwa.

Wani ɗan'uwanmu da ke aiki a wata masana'antar nama yana haya a wani tsohon gidan gona a wajen gari, ruwansu na rijiya ne. Matarsa ta haihu, surukarsa ta zo daga gida don jego. Da muka je barka na tarar da tukunya a kan wuta tana ta tafasa, ruwan ya ƙone ya kusa rabi, ga gwangwanin madara da kwalba a gefe, don nonon mai jego bai wadata ba.

Na ce, "Hajiya, an kuwa auna ruwan rijiyar nan?"

Ta ce, "Haba ɗan nan, ai na tafasa shi sarai. 'Ya'ya tara na raina da tafasasshen ruwa."

Na ce, "Gaskiyarki Hajiya, tafasawa na kashe ƙwayoyin cuta. Amma wannan ba mai rai ba ne. Kin ga in miya ta ƙone gishirinta ƙaruwa yake yi? To haka yake. Ruwan ne ke tashi, shi yana nan."

Ta yi shiru, ta sauke tukunyar. Ranar da ruwan roba aka haɗa madarar, mai gidan kuma ya nemi a zo a auna rijiyar, tunda gundumomin jihar suna yin wannan kyauta.

Hajiya ba ta yi laifi ba, iliminta daidai ne a kan amai da gudawa. Naitiret ne ya saɓa wa duk dabarun da muka sani. Ba shi da launi, ba shi da wari, ba shi da ɗanɗano. Alam ba ya kwantar da shi, kulorin ba ya kashe shi, tacewa da ƙyalle ko da 'yar matatar gawayi da ake sa wa a buta ba ta kama shi. Sai na'ura ta musamman mai tsada, irin wadda ke matsa ruwa ta cikin fata mai ƙananan ƙofofi. Mai hali zai saya ya kafa a ƙarƙashin famfon kicin ɗinsa. Mai haya da ke aikin dare a mayanka fa? Duk maganin da ya dogara ga aljihun kowane gida, talaka ne zai rasa shi.

"Ba ga injin cirewa nan ba?"

Akwai. Tun 1992 Des Moines ta gina matatar cire naitiret a kan kuɗi sama da dala miliyan 4, tana cikin mafiya girma a duniya. Manyan tankuna ne cike da wasu 'yan ƙwayoyi masu kama sinadarin, in sun ƙoshi sai a wanke su da ruwan gishiri. A 2015 kaɗai an kunna ta kwana 177, aka kashe kusan dala miliyan 1.5.

Wa ya biya? Masu famfo, a cikin takardar kuɗin ruwa ta wata-wata. Tsohuwar da ke zaune ita kaɗai a kan kuɗin fansho ta biya, mai wankin motoci ya biya, ɗan gudun hijirar da ya zo daga Sudan ta Kudu ya biya. Kamfanin da ya sayar da takin bai biya ko sisi ba, haka kamfanin da ya mallaki aladun. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Kuma Des Moines babban birni ne, zai iya raba kuɗin a kan dubban ɗaruruwan mutane. Ƙauye mai mutum 500 da rijiyarsa ta gurɓata ba shi da wannan gata. Ko ya haƙa sabuwa mai zurfi, ko ya ja bututu daga nesa, ko ya ci bashin da jikoki za su biya.

Injin ma ba ya ɓatar da naitiret, ware shi kawai yake yi. Shekaru da dama abin da aka cire ana mayar da shi cikin kogin ne a ƙasa da matatar, ya gangara wa na gaba. Daga nan sai kogin Mississippi, sai tekun da ke kudancin jihar Louisiana, inda yake ciyar da gansakuka, ita kuma in ta ruɓe sai ta shanye iskar ruwan, kifi da jatan lande su gudu ko su mutu. A 2017 wannan mataccen yanki ya kai murabba'in kilomita sama da 22,000, ya fi jihar Kano faɗi. Masuntan can ba su da injin da za su kunna.

"Manoma ne ke ciyar da ku"

Wannan hujja tana da nauyi a zuciyata, domin ni ma jikan manoma ne, kuma na san abin da ake ji in ɗan birni da bai taɓa riƙe fartanya ba ya zo yana koya wa mutum noma.

Amma a faɗi gaskiya a kan masarar Iowa. Fiye da rabinta matatun itanol take tafiya, a mayar da ita man da ake gaurayawa da fetur. Mafi yawan saura abincin dabbobi ne. Ba irin masarar da ake gasawa a bakin titi ba ce, ba kuma ta tuwo ba ce. Ba ina cewa sana'ar ba ta da amfani ba. Ina cewa kasuwanci ne babba, na biliyoyin daloli, kuma kowane babban kasuwanci a ƙasar nan yana da dokar da ta ce ga iyakar dattin da za ka zubar. Masana'antar fata ko ta fenti ba za ta sa bututu a kogi ba sai da lasisi da awo. Matatar bahayar gari ma haka. Dokar tsabtar ruwa ta 1972 ita ta tsara wannan, sai dai ta ware ruwan da ke gangarowa daga gonaki ta ce ba ya ciki. Bututu dai bututu ne, kogin kuma ɗaya ne.

Ba na kuma ɗora laifin a kan manomi shi kaɗai. Fiye da rabin gonakin Iowa haya ake nomansu. Mutumin da zai biya kuɗin haya mai tsada a ƙarshen shekara, wanda bai san ko baɗi gonar na hannunsa ba, ba zai kashe kuɗinsa a kan gyaran da sai bayan shekara biyar za a ga amfaninsa ba. In ya rage taki ya yi asara, shi kaɗai zai ji a jikinsa. In ya ƙara ya wuce kima, asarar ta bi ruwa ta tafi wa wasu. Kowane mai hankali a wannan matsayi zai ƙara ne. Gwamnatin tarayya kuma ita ce ta wajabta gauraya itanol a fetur, ita ce ke tallafa wa inshorar amfanin gona, wato ita ke tura shi ya shuka masara har bakin rafi.

Shi ya sa nake cewa doka ce za ta taimaki manomin kirki. Yau wanda ya kashe kuɗi ya kare rafi yana gasa ne da maƙwabcin da bai kashe ba. In ƙa'ida ta hau kan kowa, har da masu gonakin da ke zaune a wasu jihohi suna karɓar haya, ba wanda zai cutu don ya yi abin da ya dace.

"Ƙasar ce haka, ruwan sama ne ya jawo"

Akwai ƙamshin gaskiya a nan ma. Baƙar ƙasar Iowa tana da arzikin naitirojin na asali, ko ba a zuba taki ba tana sakin wani abu. Kuma in an yi shekarun fari taki yakan taru a ƙasa, ruwa na sauka sai ya wanko shi gaba ɗaya. Hakan ya faru a 2013 bayan farin 2012.

To amma ƙasar nan tana nan tun kafin a zo da garma, kogunan kuma ba haka suke ba. A da ciyawar daji mai dogayen saiwoyi ce ke rufe da ita duk shekara, tana shanye abin da ƙasa ta saki. Yanzu masara da waken soya wata huɗu zuwa biyar suke yi a gona. Daga kaka zuwa ƙarshen bazara ƙasa tsirara take, babu saiwa ko ɗaya mai rai, a daidai lokacin da ƙanƙara ke narkewa ruwa ke sauka. A watan Nuwamba kuma za ka ga taraktoci suna jan fararen tankunan takin ammoniya suna tsirta ta cikin ƙasa, wata biyar ko shida kafin a shuka abin da zai sha ta. Ruwan sama daga Allah ne. Barin ƙasa tsirara, da zuba taki tun kaka, da shimfiɗa bututu, waɗannan shawarar mutane ce.

"A bar su su gyara da kansu"

An bar su. A 2013 jihar ta fito da tsarin rage naitirojin da fosfaras da kashi 45 cikin 100. Tsarin ya lissafa dabarun da ke aiki, kuma dabaru ne masu kyau. Shuka wani hatsi dangin alkama bayan girbi don ya rufe ƙasa yana rage zubar naitiret da kusan kashi ɗaya cikin uku. Mayar da ƙarshen magudana fadama yana rage kusan rabi. Akwai ramin da ake cikawa da ɓarzajjen itace a bi da ruwan bututu ta ciki, ƙwayoyin halitta su cinye sinadarin. Ilimin yana nan, jami'o'in jihar ne ma suka samar da shi.

Abin da tsarin ya rasa shi ne wa'adi da tilas. Ga manomi, in ya ga dama ne. Wasu sun ga dama, Allah ya saka musu, amma gonakin da ake rufewa da shuka bayan girbi har yau 'yan kaɗan ne a cikin miliyoyin eka. Shekara 12 bayan fito da tsarin ne aka hana ban-ruwan ciyawa.

Hukumar ruwan Des Moines ta gwada hanyar kotu. A 2015, ƙarƙashin shugabanta Bill Stowe, ta kai ƙarar hukumomin magudanan gonaki na gundumomi uku, Sac da Buena Vista da Calhoun, tana neman a ɗauki bututunsu kamar na masana'anta. Gwamnan lokacin, Terry Branstad, ya ce birnin ya shelanta yaƙi a kan karkara. A 2017 kotun ƙolin jihar ta ce ba za a iya neman diyya daga waɗannan hukumomi ba, alƙalin tarayya kuma ya kori ƙarar, ya ce magana ce ta majalisa.

To majalisar fa? A 2010 masu zaɓe, da rinjayen sama da kashi 60 cikin 100, sun amince a kafa asusun kare ruwa da ƙasa a kundin tsarin mulkin jihar. Sharaɗin shi ne kuɗi zai shiga in majalisa ta ƙara harajin saye. Ba ta ƙara ba, asusun yana nan wayam. A 2023 kuma ta janye kuɗin da ke riƙe da na'urorin da ke auna naitiret a rafukan jihar. Wannan ya fi komai ba ni haushi. Mutumin da ya tabbata maganinsa na aiki ba ya fasa ma'auni.

Ba wani abu ne da ba a taɓa yi ba nake nema. Minnesota, maƙwabciyar Iowa ta arewa, ita ma jihar masara ce, amma tun 2015 ta wajabta barin zirin ciyawa a bakin koguna da magudanai, ta kuma taƙaita zuba taki da kaka a wuraren da ruwan ƙasa ke saurin gurɓata. Tarayyar Turai tun 1991 ta sa iyakar kashin dabbobin da za a zuba, kilo 170 na naitirojin a hekta a yankunan da ke cikin haɗari, da watannin da ba a zubawa sam. Jamus ta yi sakaci, kotun Turai ta same ta da laifi a 2018. Denmark, ƙasar aladu kamar Iowa, ta rage zubar naitirojin da kusan rabi tun daga tsakiyar shekarun 1980, kuma har gobe tana sayar da naman alade a duniya. Ba su gama da matsalar ba, amma sun motsa.

A Amurka ma akwai misali. Tun 1985 manomin da ke noma ƙasa mai saurin zaizayewa ba ya samun tallafin gwamnati sai ya bi tsarin kare ta. A yi haka da ruwa. Wanda zai karɓi kuɗin jama'a, to kada ya zuba ammoniya da kaka, ya bar ziri a bakin rafi, ya rubuta yawan takin da ya zuba. A sa ɗan haraji a kan kowane tan na taki, a zuba shi cikin gina fadamu da taimakon ƙauyukan da rijiyoyinsu suka lalace.

Mu fa, a gida?

Wani zai ce manominmu da ke sayen taki da kwano ina shi ina wannan matsala. Gaskiya ne, a yawancin gonakinmu ƙarancin taki ne damuwa, shi ya sa a Abuja a 2006 shugabannin Afirka suka sa burin kai wa kilo 50 a hekta. Ban ce a rage wa mai gero a Daura ko Maraɗi taki ba.

Namu naitiret ɗin ta wata ƙofa yake shigowa. Gida mai faɗin kamu kaɗan, shadda a wannan lungu, rijiya a wancan, bayan katanga kuma sokawen maƙwabci. A unguwannin da suka cika a Kano da Zariya da Yamai haka abin yake, famfon gwamnati kuma ba ya zuwa, kowa ya koma rijiya da burtsatse da 'yan garuwa. Abin da ke cikin shadda naitirojin ne, ƙasa kuma tana tace ƙwayoyin cuta fiye da yadda take tace naitiret. Ruwan burtsatse na iya fitowa fes alhali yana ɗauke da shi. Ƙa'idar ruwan sha ta Nijeriya ta sa iyakar miligiram 50 a lita, amma mai burtsatsen da ke sayar wa unguwa guda ruwa, wa ya taɓa tambayarsa takardar awo?

Ta gefen noma ma abin na tafe. Matatar ruwan Tamburawa ta birnin Kano daga Kogin Kano take ɗiba, kogin da ya taso ta Tiga, wanda yankin noman rani na Kura da Bunkure da Garun Malam ke gefensa, inda masu shinkafa da tumatir ba sa wasa da yuriya. Kamfanin Dangote ya buɗe masana'antar yuriya mai ƙarfin tan miliyan 3 a shekara a 2022. Ban ce ruwan ya gurɓata ba. Cewa nake yi yanzu ne lokacin fara aunawa a kai a kai ana bayyana wa jama'a sakamakon, tun kafin a samu masu ƙarfin da za su ce kada a auna.

Kafin hukuma ta motsa kuwa, gidan da ke da jariri ɗan ƙasa da wata shida yana da abin yi. Shayar da nono zalla shi ne kariya mafi ƙarfi, don naitiret ɗin da uwa ta sha ba ya wucewa cikin nononta da yawan da zai cutar. In larura ta sa sai an haɗa madara ko an dama koko, kada a ɗebo daga rijiyar da ke kusa da shadda, ko da za a tafasa. Masu unguwa da kwamitin masallaci za su iya haɗa kuɗi su kai ruwan burtsatsen unguwa ɗakin gwaji na jami'a ko na hukumar ruwa, su ce a duba musu naitiret musamman, sau ɗaya da rani, sau ɗaya a tsakiyar damina, a kuma liƙa sakamakon a jikin tankin inda kowane mai ɗiba zai gani.